Daga Petersen zuwa Kasuwar Dole

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba aka ce motar Damagaram za ta tashi daga Yamai, kuma huɗu da rabin ta tashi. Kujeru biyu a bayana babu kowa, masu su sun makara, direba bai ko waiwaya ba. Tun da yammacin jiya na yanki tikiti, aka rubuta lambar kujerata, aka ɗaura wa jakunkunana takarda mai lamba aka yago mini rabi. A bakin hanya muka yi sallar asuba. Muka wuce Doso da Dogon Dutsi, muka tsaya Ƙonni da tsakar rana muka ci abinci, sai Madawa, sai Maraɗi da la'asar sakaliya, Tasawa da Takeita kuwa cikin duhu muka ratsa su. Kusan kilomita 900, ga gajiya ga ƙura. Amma tun ina Yamai na faɗa wa mutanen gida su sa ran ganina bayan isha'i, kuma bayan isha'in na sauka.

Shekara huɗu rabona da Zinder. A Dakar nake zaune, ina tsaron wani kantin kayan gyaran mota kusa da tashar motoci ta Petersen a tsakiyar birni, ina kwana a Gejawaye da ke bayan gari saboda haya ta fi sauƙi a can.

A ƙofar tasha 'yan kabu-kabu sun yi dafifi, kowa ya kunna fitila yana kira. Daga cikinsu wani saurayi ya sauko daga babur ya durƙusa. "Kawu, sannunku da hanya." Ɗan yayata ne, wanda na bari yana lakkol da jakar littattafai a baya. Ban san ya fara kabu-kabu ba. Ya ce shekara biyu ke nan. Babur ɗin na wani ɗan kasuwa ne, kowace yamma yakan kai masa kasonsa, ya cire kuɗin mai, abin da ya yi saura shi ne nasa. Ya samo mini adaidaita na loda kaya, shi kuma ya shige gaba yana haska mana hanya har Birni, tsohuwar unguwar da gidanmu yake.

Abin da ya kawo ni gida gwiwar Inna ce. An ce a kai ta babban asibiti da sassafe, ni kuma na ce ni zan kai ta da kaina. Gidanmu yana can cikin lungun da in mutum biyu suka yi kiciɓis sai ɗaya ya karkata kafaɗa. Haka Birni take tun zamanin Sarki Tanimu da ganuwarsa: an gina ta don ƙafa da jaki da doki, tana zagaye manyan duwatsun nan da ba mai iya ture su, kuma ban taɓa fatan a rushe ko zaure ɗaya don mota ta shiga ba. Muka tako a hankali, tana dafe da kafaɗata, har fili kusa da gidan Sarki. Adaidaita uku suka wuce maƙil da 'yan makaranta. Na huɗu ya ce Zango ya nufa. Na biyar ya tsaya, ya dube ni ya dubi Inna, ya ce jika guda.

"Jika?" in ji Inna. "Da ƙafata na sha zuwa can ina goye da wannan da kake gani."

Aka daidaita a dala ɗari da ashirin. Ban ga laifin yaron ba, shi ma akwai mai jiransa da yamma. Ko da muka isa, layi ya yi tsawo, ba mu fito ba sai da rana ta take. A hanyar dawowa Inna take gaya mini cewa tsofaffin unguwa da yawa sukan bar ranar asibiti ta wuce su. Tsohuwa ba ta iya hawa babur, mai tsohon ciki ma haka, adaidaita kuwa sai an dace, kuma ba ka san abin da za a ce ka biya ba sai an ga fuskarka. Kuɗin bai dame ni ba kamar tsayuwar nan, tsohuwa mai ciwon gwiwa a tsaye bakin titi, ba wanda zai iya ce mata nan da minti kaza abin hawa zai zo.

Na san wannan tsayuwar, na yi ta shekaru a Dakar. Birnin yana kan wani siririn harshen ƙasa ne da ya kutsa cikin teku, mutum kusan miliyan huɗu a yankin, kuma da safe kowa ƙarshen harshen yake nufa, inda ofisoshi da manyan kasuwanni suke. Daga Gejawaye zuwa Petersen awa ɗaya da rabi nake yi a da, in an yi ruwan sama kuwa sai abin da Allah ya yi. A watan Mayu na 2024 aka fara ɗaukar fasinja a motocin da ake kira BRT. Hanyar kilomita 18 ce da 'yan kai, tasoshi 23, motocin duka da batir suke tafiya. Yanzu minti arba'in da biyar nake yi, da dala ɗari.

Mutane sukan ɗauka sirrin yana jikin motar ne, don doguwa ce mai gaɓa a tsakiya, ga sanyi a ciki. Ni da nake hawanta kullum na lura cewa hanyar ce ke yin aikin. An yanke layi biyu a tsakiyar titi an killace su da siminti, ba tasi ba babur ba motar mai muƙami. Kuɗi tun a ƙofar tasha ake biya, ka ɗora kati ko tikiti ƙofa ta buɗe, saboda haka babu tsayawa neman canji. An ɗaga tashar kamar dakali daidai da ƙasan motar, mai keken guragu ma turawa kawai yake ya shige, ƙofofi da yawa su buɗe lokaci guda, kafin ka ƙirga ashirin an sauka an hau. Kowace mota tana ɗauke da na'urar da ke nuna inda take, akwai ɗakin da ake zaune ana kallon su duka, allon tasha kuma yana gaya maka minti nawa suka rage. Allon nan shi na fi ƙauna a cikin abin gaba ɗaya. Ranar da na fara ganin ya rubuta minti uku, motar kuma ta iso a minti ukun, sai na ji kamar an mayar mini da wani abu nawa da aka daɗe da karɓewa.

Da daddare ɗan yayata ya ja ni fadarsu, inda suke jingine babura su kafa shayi. Samari tara ne ko goma, kusan duka sana'arsu ɗaya. Na nuna musu hoton bidiyon da na ɗauka a waya. Waya ta zaga hannu zuwa hannu. Wani ya ce wannan ai jirgin ƙasa ne aka sa wa taya. Wani ya tambayi kuɗin shiga, da na faɗa ya ce daga nan zuwa jami'a ma an fi haka in dare ya yi. Shi kuwa ɗan yayata bai ce uffan ba har aka sauke shayi na biyu. Sannan ya ce, "Kawu, in irin wannan ta zo Damagaram, mu ina za mu?"

Ba daga sama ya ɗauko tambayar ba. Kano tana nan kusa, kilomita ɗari biyu da 'yan kai, kuma kowa a fadar ya san cewa a Janairun 2013 an hana achaɓa ɗaukar fasinja a birnin, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Ɗaya daga cikinsu ya ce wansa yana can a lokacin, da babur ɗin ya dawo gida. Adaidaita ce ta cike gurbin a Kano, kuma ko sunan nata daga can ya tsallako mana. Samarin nan sun riga sun ga yadda ake kwana da sana'a a tashi babu.

Na ba su labarin abin da aka yi a Dakar tun kafin a yi mafarkin BRT, don a ganina shi ya fi kama da mu. A 2005 aka fara shigo da ƙananan motocin Tata. Masu tsofaffin motocin haya suka haɗa kansu ƙungiya-ƙungiya, kowa ya miƙa tsohuwar motarsa aka ba shi sabuwa bashi yana biya a hankali. Sharaɗin shi ne kowace mota ta riƙe layi ɗaya mai lamba, kuɗi ƙayyadadde, a yanka wa fasinja tikiti. Masu sana'ar ne suka ci gaba da riƙe sana'arsu. A Johanasbag ma, da aka fara irin wannan bas a 2009, masu ƙananan motocin da ke bin hanyar sun ƙare da zama masu hannun jari a kamfanin da ke gudanar da ita, ko da yake ba cikin ruwan sanyi aka kai ga haka ba.

Ban ɓoye masa ɗacin maganar ba. Motar da ke ɗaukar mutum talatin direba ɗaya take nema da yaron mota ɗaya, kuma cinikin babura da yawa za ta ɗauke a kan babban titi. Abin da ba za ta taɓa ɗauka ba shi ne lungu. Babu bas da za ta shiga Birni ko cikin Zango ko Garin Malam, dole wani ya fito da mutane daga ƙofar gida zuwa bakin kwalta, ya mayar da su. Amma wannan ba zai ishi kowa ba, kuma duk wanda ya zo da tsarin da bai zauna da waɗannan samari ya lissafa da su ba, ni ba na tare da shi. Garin da aikin yi ya yi wa ƙaranci, babur ɗin nan shi ke tsakanin yaro da zaman banza.

Ni dai ban ga Zinder tana bukatar irin motar Dakar a yau ba. Ɗaruruwan biliyoyin sefa aka kashe a can, da rancen Bankin Duniya a ciki, don garin ya riga ya shaƙe. Mu nan ruwan sha ma bai wadata ba, wuta takan ɗauke, kuma titunan da ke tsakanin Birni da Zango, inda Turawa suka kafa ofisoshinsu kafin su mayar da babban birni Yamai a 1926, har yanzu da faɗinsu. Ga kwaltar da aka shimfiɗa lokacin bikin Zinder Sabuwa a 2018. Abin da ke hana ni sakin jiki lissafi ne. Ƙidayar 2012 ta nuna jama'ar Nijar na ƙaruwa da kusan kashi huɗu cikin ɗari a shekara, wato kafin shekara ashirin sun ninka, kuma jihar Damagaram ce ta fi kowace yawan mutane, sama da miliyan uku da rabi a lokacin. Yaran ƙauyukan Mirya da Magarya da Matamaye da Tanut, in gona ta gaza, nan suke fara sauka.

Garin da aka fara wannan dabara, Kuritiba ta ƙasar Burazil, bai kai mutum miliyan ɗaya ba lokacin da magajin garinsa Jaime Lerner ya buɗe hanyar bas ta farko a 1974. Sun shata manyan hanyoyin da suke son gari ya bi, suka keɓe tsakiyarsu, sannan gari ya girma a gefensu. Bogota ta kwaikwaya a 2000, Legas a 2008 daga Mile 12 zuwa CMS, Darussalam ta Tanzaniya a 2016. Su duka uku sai da cunkoso ya kai musu iya wuya suka fara, suka yi ta fama da rusau da biyan diyya da neman inda za a matse. Mu har yanzu muna inda Kuritiba take, ko ma kafin nan.

Ran Alhamis na shiga Kasuwar Dole. Gani ya kori ji. Motocin ƙauye sun tsaya a kan kwalta suna sauke buhunan hatsi da awaki, amalanken shanu ɗauke da jarkokin ruwa yana neman wucewa, masu kura suna ihu a ba su hanya, adaidaita sun yi sahu uku inda aka yi don ɗaya, 'yan ruwa-ruwa sun jera kwalaben mai a gefe, ga babbar mota tana ta oda daga baya. Kowa da gaskiyarsa, kowa abincinsa yake nema, titin ne dai guda. Na tsaya a inuwar wata rumfa kusan rabin awa ina kallo. Abin da na gani shi ne Dakar ta kowace safiya, sai dai a nan sau ɗaya ne a mako, a kusurwa ɗaya ta gari.

A bayan kasuwa na zauna da wani dattijo, abokin marigayi mahaifina, wanda ya yi shekaru yana kamasho a tasha. Na yi masa bayanin allon da ke faɗin minti. Ya saurara da kyau, sannan ya jawo wani tsohon littafi daga aljihun riga. Sunayen direbobi ne a jere, wanda ya fara zuwa shi ke fara lodi, wanda ya tsallake layi akwai tararsa.

"Ɗana," ya ce, "tsari ba baƙonmu ba ne. Tun zamanin ayari akwai madugu, akwai zango, an san inda za a kwana. Motar da ta kawo ka daga Yamai ta jira ka?"

Na ce, "Baba, ba ta jira kowa ba."

"To, su wa ke hawanta? Mu ne dai. Da farko an yi ta gunaguni, yau kowa ya san in ya makara ya rasa. Abin da ya hana motar cikin gari tashi kan lokaci, direba ba ya iya tashi da rabin mota, don daga aljihunsa asarar za ta fito. A samo mai ɗaukar masa asarar wata shida, ka gani in mutane ba su saba ba."

Na daɗe ina juya wannan magana. A tsarin Dakar direba albashi yake ɗauka, ko mota ta cika ko ba ta cika ba, shi ya sa ba ya tsayawa farautar fasinja. Dattijon bai taɓa zuwa Dakar ba, amma ya sa yatsa daidai kan wurin.

Kwana biyu kafin in tafi, wani ɗan baffana ya kai ni in ga filin da ya saya a bayan gari, ta hanyar Tanut, wadda ke zuwa matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011. Inda na sani gonakin gero ne, yanzu duwatsun iyaka ne a kafe har inda ido ya tsaya, wasu an fara zagaye su da bulo. Na auna hanyar da aka bari tsakanin filaye da ƙafata. Taku goma sha biyu. Na ƙara gaba na auna wata, ita ma haka. Ya isa mota biyu su gifta, amma ran da unguwar ta cika da mutane, masu shaguna suka fito da rumfuna, babu inda za a yanka wa bas layinta sai an taɓa gidan wani. A yau kuwa, barin taku arba'in a hanya ɗaya cikin kowane sabon yanki ba ya cin komai sai 'yan filayen da ba a sayar ba tukuna. Da na faɗa wa ɗan baffan nawa haka, sai ya nuna mini katangar da maƙwabcinsa ya fara, ya ce, "Ai tun ran gini tun ran zane." Mu da muka tashi muna ganin zanen bangon gidajen Birni da Zango mun san da laka tana ɗanya ake yin sa. Wannan aikin meri ne, wato ofishin magajin gari, da masu yanka filaye, kuma alƙalami kawai yake bukata. Ina roƙon su da su yi shi tun yanzu.

Tun daren fada na roƙi ɗan yayata wata alfarma. Na saya masa ƙaramin littafi, na ce duk wanda ya ɗauka ya rubuta inda ya hau da inda ya sauka da lokacin. Ya yi dariya, amma ya karɓa. A darena na ƙarshe ya zo da shi, ya yi baƙi da gumi da mai, da na abokansa biyu da suka ga yana yi su ma suka fara a bayan kwalin shayi. Muka baje su a tabarma, Inna tana haska mana da tocila. Ba mu daɗe ba abin ya fito da kansa. Yawancin tafiye-tafiyen a kan hanyoyi uku ko huɗu suke maimaituwa: zuwa Dole, zuwa asibiti, zuwa jami'a, zuwa tashoshin manyan motoci da asuba da kuma bayan isha'i. Shi da kansa ya ɗauki biro ya ja layukan a bangon littafin, ya sa musu lamba.

Ya daɗe yana kallon su. Ya ce, "Kawu, in mu goma muka haɗa kuɗi muka ɗauki adaidaita biyu, muka riƙe wannan na asibitin kaɗai, dala talatin kowa, daga gidan Sarki, kowane rabin awa, ko da mutum ɗaya ne a ciki?"

Na ce wata na farko za su yi asara. Ya ce ya sani. Ya tambaye ni nawa nake ganin za ta kai, muka lissafa tare a gefen shafi, kuɗin mai da kason masu adaidaita, na ce rabin asarar watan farko a kaina.

Inna ta kashe tocila ta ce a bar sauran lissafin sai da safe, batir na ƙarewa. Ranar komawarta asibiti Talata ta sama ce, ni kuma a lokacin ina Dakar. Da asuba ya ɗaura jakata a bayan babur, littafin yana leƙowa daga aljihun rigarsa, muka bi ta gaban gidan Sarki. Ya rage gudu ya nuna mini gindin wata bishiya da haɓarsa, ya ce nan yake ganin za su riƙa tsayawa, don akwai inuwa kuma akwai dakalin da tsofaffi za su zauna. Muka isa tasha saura minti goma mota ta tashi.